Juwairiyya Biyu, Lamba Ɗaya

Sau uku Innawuro tana ɗora babban yatsanta a kan gilashin na'urar, sau uku ma'aikacin yana girgiza kai. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, haka ƙafafunta, har silifas ɗin da ta sa ya nutse a cikin naman. Uwarta Madina tana tsaye a bayanta, rungume da baƙar leda mai takardun asibiti.

Ma'aikacin ofishin katin ɗan ƙasa, wani dattijo mai suna Malam Nasrullahi, ya cire tabarau ya dubi Madina.

"Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Madina ta sunkuyar da kai. Innawuro ce 'yarta ta fari, ita kaɗai ma Allah ya bar mata, amma Bafulatana ba ta amsa irin wannan tambaya da baki cike.

"Ta gidanmu ce," ta ce.

"Sunanta na yanka?"

Madina ta kau da kai. Sai yarinyar ce ta amsa da kanta, muryarta can ƙasa: "Juwairiyya Bubayero."

Sunan kakarta ne, uwar ubanta. Shekarar da tsohuwar ta rasu 'ya'yanta maza biyu suka haifi mata, kowa ya mayar da sunan uwarsa. Tunda ba mai iya kiran sunan a gidan, aka sakaya: 'yar babban wa, Alhaji Bubayero, ta zama Ummi, 'yar ƙanensa Mammadu ta zama Innawuro. Da Mammadu ya rasu, Alhaji ya ɗauki marainiyar tana shekara shida ya kai ta gidansa na Takur, ya sa ta makaranta da sunansa. Shekara goma sha tara ke nan Madina ba ta taɓa furta sunan surukarta ba, balle ta kira 'yarta da shi.

Malam Nasrullahi ya juyo musu da fuskar kwamfutar.

"To wannan fa wace ce?"

Madina ba ta iya karatun boko ba, amma ta san fuska. Ummi ce, da shuɗin hijabinta, tana murmushi.

"Juwairiyya Bubayero," ya karanta. "Ranar haihuwa ɗaya da ta takardar da kuka kawo. Garin haihuwa ɗaya. Lambar takardar haihuwa ma ɗaya. Ku kwafi kuka kawo, waccan da ta asali ta zo, shekara biyu da suka wuce."

"Baffa ya ce ta asalin ta ɓata," in ji Innawuro.

Ta faɗa, sai ta tsura wa hoton ido. Shekara biyu da suka wuce ne Alhaji ya je da kansa ya karɓo musu sakamakon jarrabawar gama sakandare, ya dawo ya ce ta Ummi ta yi kyau, ta Innawuro an riƙe. Yarinyar da ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba ta yi sati tana kuka a kicin. Ummi kuwa, wadda Innawuro ce take yi mata aikin makaranta, ta shiga makarantar koyon aikin jinya.

"Malam," in ji Madina, "ni ban san wannan ba. Likita ya ce ƙodarta duka biyu sun tsaya. Ya ce a wanke mata jini sau biyu a sati, kuma kyauta ne in tana da lamba. Lambar kawai za ka ba mu."

"Wallahi da a hannuna take da kin tafi da ita. A da kowane ofis da littafinsa, ba ruwan wani da wani. Yanzu doka ta ce kwamfutocin su riƙa magana da juna. Ta asibiti tana tambayar tamu, tamu tana tambayar ta masu takardar haihuwa, ta makaranta ma haka. Takarda ɗaya, mutum ɗaya. Wannan takardar an riga an ɗaura ta a yatsan wata."

"To yaya za a yi?"

"Abu mai sauƙi. Uban ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa yara biyu ne, ya zo da su duka, kowa ta dangwala. A mayar wa kowa takardarta. Sai dai ki sani, gyaran zai bi ta ko'ina. Makarantar waccan za ta gani."

Suna fitowa Innawuro ta zauna a kan dakalin ofishin tana haki. Ta ce, "Adda, ashe na ci jarrabawar." Haka take kiran uwarta, kamar wata yayarta. Da ta huta suka tari adaidaita sahu.

Da la'asar Madina ta durƙusa a ƙofar falon Alhaji Bubayero. Yana zaune a kan darduma yana ɓare lemo, ya dawo daga aiki a sakatariya.

"Yaya Alhaji, mun je wurin katin."

"Wa ya aike ku? Na ce a bari ni zan yi."

"Wata guda ke nan, Yaya. Jikin yana ƙara hawa." Ta gaya masa abin da suka gani, tana zaɓen kalmomi kamar ita ce mai laifi.

Bai musa ba. Ko kunya ba ta taɓa fuskarsa ba.

"Madina, ke ba ki san yadda ake tafiyar da gida ba. Su biyun nawa ne. Gurbi ɗaya na samu, na duba na ga Ummi ce babba, na ce ta fara shiga, ita wannan a sake mata jarrabawa. Sunan ai ɗaya ne. Sunan uwata ne, ni na raɗa musu. Na saci na wani ne?"

"Ba a sake mata ba, Yaya."

"Ciwo ya bari? Shekara goma sha uku ina ci da ita, ina tufatar da ita, ba ki taɓa zuwa kin durƙusa kin ce an gode ba sai yau da kika zo da maganar kotu. Ni, da furfurata, saura wata bakwai in yi ritaya, in tsaya gaban alƙali in ce na yi ƙarya?"

Matarsa Hajiya Hadiyya ta leƙo daga ɗaki. "Ai dama riƙon ɗan wani haka yake ƙarewa. Ka yi ta wahala, ranar da aka tashi a kai ka kotu."

"Ni ban ce kotu don sharri ba, Yaya Hajiya. Malamin ne ya ce..."

"Ya isa," in ji Alhaji. Ya tofar da ƙwallon lemo a tafinsa, ya yi ɗan tunani. "Asibitin lamba suke so da yatsa, ko? To ga lamba a gidan nan, ga yatsa. Ummi ta riƙa raka ta. Ta dangwala a taga, in an kira suna wannan ta shiga. Wa zai bambance su a cikin hijabi? Kin ga an rufa wa kowa asiri."

Madina ta san ƙarya ce za a ɗora a kan ƙarya. Amma ta tuna ƙafafun nan. Ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka."

Ta yi masa godiya. Wannan godiyar har yau tana ci mata rai.

Ranar Litinin Ummi ta ɗora yatsanta a tagar asibiti, na'ura ta yi kore, aka buɗe fayil. Aka kira, "Juwairiyya Bubayero!" Innawuro ta tashi ta shiga. Awa huɗu tana kwance, jininta yana fita ta roba yana komowa. Da aka yi na biyu kumburin ya saɓe. Da aka yi na huɗu ta ci tuwo da miyar kuka, ta nemi ƙari, Madina ta juya baya don kada a ga murnarta.

A kan bencin jira 'yan matan suna tsokanar juna kamar dā.

"Hajiya nas, yaya jikin naki?" in ji Innawuro. "Na ji an ce ƙodarki ta tsaya."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"A'a, gaskiya ce. Ke ce da ciwo a takarda, ni a jiki. Ni ce da jarrabawa a ka, ke a takarda. Kin ga an yi raba daidai."

Ummi ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta kama hannunta. "Wallahi na sani tun ranar. Baba ya ce in na faɗa bai yafe ba. Kullum na shiga aji sai in ji kamar kayan aro na sa."

"To ki yi karatun da kyau, kada ki zubar min da maki."

Sau shida aka yi. Ranar na bakwai Madina da Innawuro suka zauna a bencin tun hantsi har azahar, Ummi ba ta zo ba. Wayarta a kashe.

Wani abokin aikin Alhaji ne ya gaya masa a sakatariya cewa duk ciwon da aka rubuta a kan lamba yana bin mai ita. In ta nemi aikin gwamnati za a gani. Da jin haka ya karɓe wayar Ummi, ya mayar da ita ɗakin kwanan ɗalibai, ya ce in ta sake taka asibitin nan da sunan rakiya ba shi ba ita.

"Ki yi min adalci, Madina," ya ce. "Yarinya lafiyarta ƙalau a rubuta mata ciwon ƙoda? Wa zai ɗauke ta aiki?"

"Wa ma zai aure ta?" in ji Hajiya Hadiyya. "Magana ta fita a ce 'yata ana wanke mata jini? Haba. Mun yi iya namu."

"To a je kotun, Yaya."

"Za a je. Ki bari in ga wani da na sani a ofishin, a gyara a cikin gida ba tare da tonon silili ba."

Washegari ya sa aka kwaso kayan Innawuro a buhu biyu, aka kai su ɗakin da Madina take haya a Yalwawa. Ya ce mara lafiya ta fi samun kulawa a wurin uwarta. Shekara goma sha uku tana tasa. Rana ɗaya ta koma ta Madina.

Madina tana da karsana guda a ruga wurin ƙaninta, ita kaɗai ta rage daga abin da Mammadu ya bari. Aka kai ta kasuwar Shuwarin. Ta sayi wanki uku a asibitin kuɗi, ta ƙare. Furar da Madina take damawa a bakin titi ko allurar ƙarin jini ba ta saye.

Daga nan sai zirga-zirga. Duk Asabar Madina tana Takur, a durƙushe a wuri ɗaya, har tabarmar ƙofar falon ta san gwiwarta.

Asabar ta farko ya ce mutumin nasa ya tafi kwas Kaduna.

Ta biyu ya ce ya je da kansa, babu sabis, kwamfutocin ƙasar nan duka sun tsaya. Madina ta bi ta ofishin ranar Litinin, ta tarar da layi har waje, ana ta yi wa mutane. Malam Nasrullahi ya gane ta. "Ina uban? Ina jiran ku fa." Ta ce yana hanya.

Ta uku Alhaji ya ce shi bai ma yarda ƙoda ba ce. Yarinyar da take wanka da magariba, wa ya sani ko iska ce? Ya ba ta galan ɗin rubutu da ƙullin turare. Likita ya hana Innawuro shan ruwa fiye da kofi biyu a yini, ga galan.

Bayan nan ya ce a bari Ummi ta gama jarrabawar ƙarshe, wata uku ne kawai, in ta karɓi shaidarta sai a yi duk abin da za a yi.

"Yaya, likita ya ce ba ta da wata uku."

"Likita Allah ne? Ke imaninki ke nan?"

Ta kai kuka wurin dattijon danginsu, Baffa Idirisu, ƙanin surukinta. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce abin bai yi daɗi ba. Sannan ya ce, "Amma ke ma ki duba. Mutum ɗaya muke da shi a gwamnati. In aka kore shi ba fansho, gida nawa za su shiga wani hali? Kuma ina fulakonki? Uwa tana yawo gida-gida a kan 'yar fari, ana ji? Ki yi kawaici, ki bar wa iyayenta maza."

Ta yi kawaicin. Abin da aka koya mata ke nan tun tana yarinya: a yanke ka ka yi shiru, a tambaye ka ka ce lafiya lau. Ta koma ɗaki tana goge aman da 'yarta take yi, kore shar, mai warin fitsari. Kumburin ya haura ciki, ya kai fuska, idanun suka zama 'yan tsaga. Innawuro ta daina iya kwanciya, sai a jingine da bango, da filo uku. Jikinta yana ƙaiƙayi tana sosawa har jini. In ta yi numfashi ana ji daga tsakar gida, kamar ana zuƙar kunu da tsinke.

Wata ranar Juma'a Madina ta kasa daurewa. Ta tsaya a bakin hanyar da Alhaji yake bi in an sauko daga masallaci, ta tare shi a gaban mutane, ta zube a ƙasa ta kama gefen babbar rigarsa.

"Yaya, don Allah, don darajar uwar da ta haife ku. Yini ɗaya ne. Mutuwa take yi."

Ya janye rigarsa a hankali, yana murmushi saboda masu kallo. "Matar ƙanena ce, 'yarta ba lafiya, abin ya taɓa ta." Ya sunkuyo ya rage murya. "Kin tozarta ni. In kwananta ya ƙare, ko kotun duniya aka je sai ta tafi. In da saura, za ta kai bayan jarrabawa. Tashi."

Da yamma ya aiko da rabin buhun shinkafa. Innawuro ta kwana goma rabonta da haɗiye ko loma.

Ranar Talata da hantsi tana jingine, Madina tana ba ta ruwa a cokali, sai ta kau da kai.

"Adda."

"Na'am."

"Ki kira sunana."

"Innawuro."

"A'a. Na gasken. Kowa ya kira ni da shi, malamai, nas-nas, har Ummi ta ci abinci da shi. Ke kaɗai ban taɓa ji a bakinki ba. Sau ɗaya."

Madina ta buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Surukarta ta faɗo mata a rai, da kunyar shekara ashirin. Ta ce, "Ke dai sha ruwan nan. In kin warke."

Innawuro ta yi ɗan murmushi, ta sha.

Ranar Alhamis da safe ta fara fizge-fizge, ba ta gane kowa. Maƙwabta suka taimaka aka sa ta a adaidaita sahu. A asibiti wata nas mai suna Amatullahi ta gane ta, ta ce, "Ba mai wankin nan ba ce da ta daina zuwa? Ina kuka shiga wata biyar?" Ta ɗauko fayil ɗin da aka buɗe da yatsan Ummi, aka sa mata iska, aka ruga neman likita. Kafin a haɗa na'urar ta cika. Madina tana riƙe da ƙafarta, ƙafar da yatsa yake nutsewa a ciki.

Nas Amatullahi ta rufe mata ido, ta yi addu'a, ta koma kan kwamfuta ta rubuta abin da aikinta ya ce ta rubuta.

Alhaji Bubayero ne ya tsaya a sahun gaba a jana'iza. Shi ya karɓi gaisuwa a ƙofar gidansa na Takur, a ƙarƙashin rumfa, yana cewa, "'Yata ce, a hannuna ta tashi. Mun yi iya ƙoƙarinmu, matsalar kwamfuta ce ta hana a yi mata wanki." Mutane suna cewa Allah ya isa tsakaninsu da wannan zamani.

Kwana takwas da rasuwar, mota ta tsaya a ƙofar gidan hayar Yalwawa. Tun da Madina ta tare a gidan bai taɓa takowa ba, ko da 'yar tana kwance. Yau ga shi har tsakar gida, hula a karkace, Ummi a bayansa idanunta sun yi ja.

"Madina, an sami matsala."

Tana zaune a kan tabarma tana ninke kayan marigayiya. Ba ta tashi ba, ba ta durƙusa ba.

"Ummi ta je rajistar jarrabawar ƙarshe, kwamfuta ta ƙi ta. Wai mai wannan lambar ta rasu. Layin wayarta ma an rufe. Asibiti ne suka rubuta, ya bi ko'ina. Jibi ake rufe rajista."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Madina.

"Wa?"

"Wadda ta rasun. Ba ka ce 'yarka ce ba?"

"Ba lokacin wannan ba ne. Na yi magana da magatakardan kotu, gobe da safe yana jiran mu. Ke ce uwa, ke kika kai ta asibiti. Ki rantse cewa taki ce ta rasu, ma'aikatan asibiti ne suka yi kuskuren fayil saboda suna ɗaya. Shi ke nan. Minti nawa ne?"

"Akwai sabis gobe?" in ji Madina.

Alhaji ya gyara hularsa.

"Mutumin naka ya dawo daga Kaduna? Furfurar taka fa, za ta iya tsayawa gaban alƙali?"

"Madina, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ba ta da laifi. Rayuwarta ce za ta lalace."

"In kwananta ya ƙare a takarda, Yaya, ko kotun duniya aka je..."

Ba ta ƙarasa ba, don Ummi ta faɗo jikinta tana kuka. "Goggo, ki yafe min. Da na gudo na zo. Wallahi da na gudo." Madina ta ji ƙamshin man da su biyun suke shafawa tun suna yara. Sannan ta ɗora hannu a kan yarinyar.

"Zan je," ta ce.

Washegari ƙarfe tara suna kotu. Magatakarda ya ɗauko takarda, Alhaji ya matso zai yi bayani, Madina ta riga shi. Ba ta ce kuskuren asibiti ba ne. Ta fara daga sakamakon jarrabawa, ta bi ta takardar haihuwa, da yatsan aro, da galan ɗin rubutu, da rabin buhun shinkafa. Alhaji yana cewa, "Ke! Ke!" tana ci gaba. Magatakarda ya dubi Ummi. Ummi ta ce, "Haka aka yi."

"Sunan marigayiyar?" in ji magatakarda.

Alhaji ya buɗe baki.

"Ni aka tambaya," in ji Madina. Ta miƙe tsaye, a gaban wan mijinta, a gaban maza baƙi. "Juwairiyya. Juwairiyya Mammadu. 'Yata ce, ni na haife ta, ita ce ta fari."

Sunan ya fita da ƙarfi har na bakin ƙofa suka waiwayo. Bai yi nauyin komai ba. Da ta san haka yake da sauƙi, da ta faɗe shi ranar Talatar nan, lokacin da mai shi take da kunnen ji.

Daga kotu suka wuce ofishin kati. A bakin ƙofa Madina ta sayi kunu a leda, don rabonta da abinci tun jiya. Malam Nasrullahi ya karanta takardar rantsuwar, ya dubi Alhaji ta saman tabarau. Ummi ta dangwala. Ya danna nan, ya danna can, ya tura abin da zai tura, ya buga hatimi.

"An raba su. Wannan tana raye, za a ɗaura mata takardarta ta gaskiya. Makaranta kuma za su kira ku, wannan ba hannuna."

"Shi ke nan?" in ji Madina.

"Nawa aikin dai shi ke nan."

"Malam, da mun zo tun ranar da ka ce, haka zai ɗauka?"

"Haka zai ɗauka, baiwar Allah."

"Tawa 'yar fa? Takardarta ta dawo. Za a ba ta lambar?"

Ya sauke kai. "Sai da yatsa."

Madina ta dubi ledar da take hannunta. Kunun bai huce ba.

Makaranta ta sallami Ummi, ta koma za ta sake jarrabawa da kanta. Alhaji an kira shi an yi masa tambayoyi, ya yi ritayarsa, yana nan a sahun gaba. Dangi sun daina gaishe da Madina, wai ta tona asirin gida, ta zubar da fulako a gaban kotu. Ba wanda ya daina gaishe da shi.

Har yau in zancen ya taso a Takur sai ka ji an ce kwamfuta ce ta kashe yarinyar nan, dokar gwamnati ce. Ƙarya ne. Kwamfuta ba ta ɗauki takardar marainiya ta ba 'yarta ba. Ba ta ce a bari sai bayan jarrabawa ba. Abu ɗaya ta nema tun ranar farko, a faɗi gaskiya cewa yara biyu ne, aka kwashe wata shida ana hana ta. Mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya da uban yarinyar su suka auna ranta da fansho, suka ga fansho ya fi nauyi, sauran suka ce a yi kawaici.

Madina tana nan Yalwawa tana dama fura. Takardar haihuwar ta asali tana cikin baƙar ledar nan, a ƙarƙashin filo. In baƙuwa ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya, ba ta ƙara sunkuyar da kai. Takan ajiye ludayi ta ce, "Ina da guda ɗaya, ta rasu. Sunanta Juwairiyya. Ta ci jarrabawarta."